Direban Taurari da Inna Ke Jira

Maigidana mai facin taya ne a Sabon Gari, nan Maraɗi. In ka gan shi tsugune gaban bahon ruwa yana laluben inda tiyub ke fitar da iska, ba za ka ce wannan bawan Allah ya taɓa ɗaga kai ya dubi sama ba. Alhali rabin ransa can yake. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, Baban Fadila nake ce masa, sunan 'yarmu ta fari ke nan.

Tun yana saurayi silima ta kama shi. Sa'o'insa na rububin fim ɗin rawa da waƙa ko na faɗa, shi kuwa sai ranar da aka sa na jiragen da ke yawo tsakanin taurari, ko na dodanni masu fukafukai da tsofaffi masu tsafi. Lokacin da yake zuwa zance gidanmu a Jiratawa, sauran samari turare suke kawowa, shi labari yake zuwa da shi. Ya taɓa ɓata mini yamma guda yana bayanin wata duniya da ruwan samanta kore ne. Na yi niyyar korarsa, sai na ga ina son in ji ko mutanen wurin sun sami gero. Haka aka yi har aka ɗaura aure, kuma har yau ban san ko sun samu ba.

Shekarun da nake son ba da labarinsu su ne na bayan Taron Ƙasa, wanda ya buɗe ƙofar siyasar jam'iyyu a ƙasarmu. Jam'iyyu sun fito ko'ina, kowane bango da tambarinsa, kowace majalisa da gardamarta. Ma'aikata yau suna aiki gobe suna yaji, 'yan makaranta sun fi zama a gida. Silimar da ya saba zuwa ta fara mutuwa saboda kaset ya shigo gari. Mutane na cewa wahala aka sha, kuma gaskiya ne an sha. Amma ni in na tuna lokacin, abin da ke fara zuwa mini shi ne iskar hanya a bayan tsohuwar mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur ɗin nan, Fadila goye a bayana. Ina kewar wannan lokaci, ba na ɓoyewa.

Makonmu a tsare yake. Ranar Asabar da hantsi yakan rufe rumfa, ko taya nawa ke jira, mu nufi Tsibiri gidan abokinsa Amos. Amos malamin makaranta ne, Kirista, sun san juna ne ranar da ƙusa ta huda masa taya a gaban rumfarmu, hira ta kai su ga taurari, facin ma sai da na tuna musu. Amos ke da tele, wato talabijin, da manyato, akwatin nan da ake saka kaset. Matarsa Saloma takan rataya bargo a taga don ɗakin ya yi duhu, mu zauna ni da ita a baya muna ɓarar gyaɗa muna yi musu dariya. Finafinan da Faransanci suke, Baban Fadila kuwa Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Amos ke fassara, shi yana zaune baki buɗe, ba ya ko ƙiftawa. In wuta ta ɗauke sai su fita ƙarƙashin bishiyar bedi su yi ta musu kan ko dodo zai iya kayar da jirgi, magidanta biyu da furfura ta fara leƙo musu.

Lahadi kuma ta Jiratawa ce, gidan mahaifiyata, Inna Rahmatu. Abin da ya gani jiya shi zai juye yau. Akwai wani mangwaro a bayan dangar gidanmu, nan masu lambu ke hutawa in rana ta take. Yakan zauna kan turmi ya fara, ya yi kukan jirgi da baki, ya yi tafiyar dodo, har masu ban ruwa su manta da albasarsu. Doka ɗaya gare shi, ba ya ƙara gishiri. In Amos bai gane wata magana ba, shi ma zai ce nan ba a gane ba. Na sha ce masa mutum ne mai taurin kai a inda ba ya da amfani.

Tsakaninsa da Inna akwai kunyar surukuta. Gaisuwa daga nesa, kai a sunkuye, shi ke nan. Amma Inna na jin komai ta cikin danga, tana tsinkar zogale. Ranar farko ta kira ni da faɗa.

"Ke Zuliha, hwaɗa ma mijinki ba a tatsuniya da rana. Wanda duk yay yi, ɓacewa shika yi."

Na leƙa na gaya masa. Ya miƙe tsaye don ladabi, yana fuskantar danga.

"Ki ce ma Inna ba tatsuniya ba ce. Da idona na gani."

Inna ta ce to, in da ido aka gani labari ne, a ci gaba. Tun daga ranar ta ajiye finafinansa a wuri ɗaya da labarin alhazai da na fatake: abu ne da ya faru a wata ƙasa mai nisa, wani ya gani ya zo ya faɗa. Ban gyara mata ba. Inna ba ta da wauta ko kaɗan, duniya ce dai ta san tana da faɗi.

Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, taki ya gagari masu lambu. Yayana Idirisa, shi kaɗai ne namiji a ɗakin Inna, ya ajiye fartanya ya bi motar Agadas zai tsallaka Libiya. Wani direba ya kawo saƙon baki cewa ya isa Agadas lafiya. Daga nan shiru. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Dangi suka fara raɗe-raɗin a yi masa sadaka a huta. Inna ba ta ce a yi ba, ba ta ce kar a yi ba, abinci kawai ta rage. Na ga wuyanta ya zama siriri, hankalina ya tashi ƙwarai. Abin da ya rage tana kasa kunne gare shi shi ne labarin Lahadi.

Ana cikin haka aka sami wani kaset. Labarin wani direban jirgin kaya ne da ke kai irin shuka ga mutanen da suka yi ƙaura zuwa wani tauraro. A farkon fim an nuna uwarsa, tsohuwa, ta rako shi bakin ƙofa. A hanya jirgin ya lalace, ya faɗa wata duniya da ba kowa ya san da ita ba, inda mutane ba su da baki, da hasken tafin hannu suke magana. Direba ya yi ta gyara, ya yi ta gyara. Ya shiga, ya kama makunni, injin ya yi tari. Sai hoton ya yi rawa, sai ga ƙarti biyu sun kama juna a filin kokowa, makaɗa na kiɗa.

Amos ya buga manyato, ya hura kaset, ya mayar baya. Kokowa dai. Ashe wanda ya kwafi fim ɗin a kan tsohon kaset na kokowa ya kwafa, wuta ta ɗauke masa kafin ƙarshe, shi kuma bai duba ba.

Na roƙi Baban Fadila kada ya kai wannan Jiratawa. Ya ce mutane na jiransa, kuma ba shi da wani. Ya ba da shi har inda ya tsaya, ya ce nan kaset ya yanke. Masu lambu suka yi tsaki suka watse. Daga cikin danga muryar Inna ta fito.

"Zuliha, tambaye shi. Yaron ya koma gida ko bai koma ba?"

"Ki ce ma Inna ban gani ba. Amma ina biɗa."

Ya kuwa nema. Ya bi gidajen haya na kaset daga Sabon Gari har unguwar Zariya. Duk wanda ya karɓo, a daidai tarin injin sai ƙartin nan biyu su fito, domin Maraɗi kaf daga uwar kaset ɗaya aka kwafa. Har ya haddace kokowar, ya san wanda zai yi kaye. Direbobin Katsina da na Damagaram da ke kawo masa faci, duk ya ba su sallahu. Wani ya kawo, kokowa. Aka yi juyin mulki, gari ya yi tsit, sojoji a mararraba, mutane na manne da rediyo, shi kuwa mutumin nawa tambayarsa ɗaya, ko hanyar Yamai a buɗe take, saboda Amos ya aika can. Na ce masa ƙasa na rawa kai kana neman ƙarshen fim. Amma ya san ni ma jira nake.

Duk Lahadi kafin mu sauke kaya Inna za ta ce, "An samu labarin yaron?" Ba ta ƙara tambayar Idirisa da suna ba. Yaron jirgi take tambaya, mu duka mun san wanda take nufi.

Wata Asabar muka isa Tsibiri muka tarar Amos tsaye a ƙofa, kaset a hannu. Wani ɗan cocinsu ne ya zo da shi daga Yamai, cikakke. Saloma ta rataya bargo, ranar ko gyaɗa ba mu taɓa ba. Injin ya yi tari kamar kullum. Ya sake yi. Sai ya mutu. Jirgin bai tashi ba. Direba ya fito ya zauna a ƙasa, mutanen nan marasa baki suka kewaye shi da hannuwansu masu haske, suka kai shi wani ɗaki. Ya shuka ragowar irin da ke cikin kayansa, ya tsiro. Hoton ƙarshe, ga shi da gemu, zaune bakin ƙofa da ƙwarya a hannu, yana kallon wani ɗan tauraro can nesa. Uwar ba a sake nuna ta ba.

Na fashe da kuka, sannan na juya kansa.

"Gobe ka ce mata ya koma. Ka ji ko? Wa za shi kama ka?"

Amos ma ya goyi bayana. "Zakari," in ji shi, shi ya faɗi sunan ba ni ba, "ƙaryar da za ta sa tsohuwa cin tuwo, Allah ba shi kama ka da ita."

Ya daɗe yana murza hularsa.

"In na ce ya koma, jibi bakin hanya za ta zamna tana diban motoci. Kuma na ce mata da idona nika gani. In na yi mata ƙarya yau, duk na baya sun zama tatsuniya."

Na kira shi mai busasshiyar zuciya. Har muka dawo Maraɗi ban riƙe rigarsa a kan mobilet ba, ƙarfen baya na kama.

Washegari ƙarƙashin mangwaro ya cika, labari ya bazu cewa an sami ƙarshe. Ya faɗe shi yadda yake, bai rage ba bai ƙara ba, sai dai ranar bai yi kukan jirgi ba. Da ya gama, wani ya ce wannan ai ba ƙarshe ba ne. Ni ina cikin gida kusa da Inna, ina kallon hannunta a cikin ƙwaryar zogale, ya daina motsi.

"Kira mini shi ciki," ta ce.

Tun da aka yi aurenmu bai taɓa wuce zaure ba in tana tsakar gida. Ya tuɓe takalmi, ya shigo, ya tsuguna nesa, ido a ƙasa. Inna ba ta bi ta kaina ba, shi ta yi wa magana.

"Mutanen nan, suna ba shi abinci?"

"Suna ba shi, Inna. Har gona gare shi."

"Da rai kag gane shi?"

"Da rai. Ya yi gemu."

"In ya zamna, ina shika diba?"

"Gida, Inna. Kullum gida."

Ta gyaɗa kai. "Ashe ba mantuwa yay yi ba. Hanya ce babu." Ta ajiye ƙwaryar zogalen. "To uwa tai, wa yag gaya mata?"

"Ba kowa. Mu da munka kalla kaɗai munka sani."

Sai Inna ta ɗaga murya, abin da ban ji ta yi ba tun tafiyar Idirisa.

"Haba! Kun gani da idonku kun bar baiwar Allah cikin duhu? Kai da Allah ya nuna ma, ka biɗe ta ka hwaɗa mata. Ba a barin uwa haka."

Na buɗe baki zan ce Inna fim ne, ya ɗaga mini hannu. Ya cire hula ya ajiye a ƙasa. Ya matso gabanta da gwiwa, yadda mai kawo saƙo ke yi, ya ɗago kai ya dubi fuskar surukarsa, karo na farko a rayuwarsa.

"Inna, shina da rai. Shina cin abinci. Gida shika diba."

Inna ta dube shi, ta daɗe. Hawaye ya bi kuncinta, ba ta share ba.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Zuliha, dama mini fura."

Na tashi na ɗauko ludayi, na dama mata. Ta shanye ƙwaryar tas, shi kuma yana nan tsugune har ta gama.