Alhamis ɗin zumuntar mata

Safiyar ranar kamar kullum ta fara. Na share tsakar gida, na kai wa awaki harawa. Mama tana zaune a kan turmi tana shafa man zafi a gwiwarta ta hagu, wadda ta daɗe tana damunta. Mu biyu ne a gidan tun rasuwar Baba. Ƙauyenmu yana bayan Gozaki, kuma a lokacin dawa ta yi tsawo har ta rufe hanya.

Ranar ce ta ƙarshe a azumin zumuntar mata na cocinmu. Abu ɗaya suke roƙo: Ubangiji ya kare garinmu, don 'yan bindiga sun riga sun shiga ƙauyukan da ke yamma da mu. Mama ce shugabarsu. Ta ɗaura zanen zumunta, ta ce, "Rahila, ki dama kunun buɗa baki. Kada ki cika tsamiya kamar jiya, tsofaffi suna ta yamutsa fuska." Na yi dariya. Ta fita tana ɗingishi.

Yadda matan suke yi ke nan: in za su shiga addu'a mai ƙarfi, sai su rufe ƙofa da tagogi saboda yara da kaji. Su buga tulu da caki, su yi waƙa, sannan kowa ta durƙusa tana addu'a da babbar murya, duk a lokaci ɗaya. Ba mai buɗe ido sai shugaba ta ce amin. Tun ina ƙarama Mama ta koya mini haka. Mai leƙe-leƙe a cikin addu'a, in ji ta, ba da Allah take magana ba.

An kira azahar a masallacin maƙwabtanmu. Maza suna gona. Ina tace gasara na ji ƙara daga nesa. Na ɗauka injin niƙa ne. Sai ƙarar ta yawaita, ta rarrabu. Babura ne, da yawa, kuma ba ta hanyar kasuwa suke zuwa ba.

Na ruga coci ba takalmi. Ƙofar a rufe. Na buga da hannu, na buga da dutse. A ciki tulu yana ta tashi, muryoyi sun cika ɗakin. Na leƙa ta tsagar taga. Na ga Mama a durƙushe, hannayenta sama, idonta a rufe. Na kira ta har muryata ta dushe. Ba wadda ta ji.

Harbin farko ya tashi a bakin rijiya. Wani ya yi ihu, "Ku shiga dawa!" Ƙafafuna suka ɗauke ni. Na faɗa gonar da ke bayan coci, na kwanta a tsakanin kunyoyi, fuskata a ƙasa.

Daga nan nake jin komai. Tulun ya ci gaba kaɗan, sannan ya tsaya. Na ji an doki ƙofa. "Ku fito! Ku jeru!" Na ji kuka. Tururuwa suna bin wuyana, ban motsa ba. Na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Ban roƙa wa garin ba, ban roƙa wa kaina ba. Yesu, ka bar mini Mama. Shi kaɗai nake ta maimaitawa.

Wajen la'asar ƙarar babura ta koma yamma. Hayaƙi yana tashi daga rumbuna. Ban iya komawa ba. Na bi cikin gonaki, ganyen dawa yana yanka mini hannu, har na ɓullo titi. Wani dattijo mai babur, ɗauke da buhun masara, ya tsaya. Ya dubi ƙafafuna, ya sauke buhun a gefen hanya, ya ce, "Hau, 'yata." Bai tambaye ni komai ba har Malumfashi, inda na nuna masa gidan Gwaggo Laraba, ƙanwar Baba.

Washegari labari ya zo. An kora matan daji da ƙafa. Mama ba ta iya sauri. An sami gawarta a bakin rafi, ba nisa da gari.

Faston cocin Gwaggo ya zo gaisuwa. Mutumin kirki ne. Ya ce Allah yana jin kowace addu'a, amma wani lokaci amsarsa ba ita ce muke so ba, kuma ba mu ganin abin da yake gani. Na ce na gode. Abin da na so in tambaya shi ne: matan suna cikin roƙon kariya ne fa, da yunwa a cikinsu. Da ba su rufe ƙofa don su yi magana da Allah ba, da sun ji babura kamar yadda na ji. Na taɓa faɗa wa Gwaggo haka, ta ce in yi shiru. Ban sake faɗa wa kowa ba.

Ban daina addu'a ba. Ban san me ya sa ba. Amma a coci a kujerar baya nake zama, kusa da ƙofa, kuma in an ce mu rufe ido, nawa a buɗe suke. In an fara buga tulu, sai in fita.

Sau ɗaya na koma gida, tare da masu kwaso kaya. Awakin babu. Man zafin yana kan turmi, murfinsa a buɗe. Gasarar ta bushe a ƙwarya, ta tsattsage. Kofunan da na wanke wa matan suna kife a kan tabarma yadda na jera su. Wasu daga cikin masu su sun dawo, wasu ana jira har yanzu. Na ɗauki na Mama, shuɗi mai karyayyen hannu. Sauran na bar su a jere.