Gahawar da Ta Hana a Kwashe Mu

Ko shekara nawa zan ƙara yi a Makka, ba zan manta da zaman makokin da aka yi a layinmu na Hindawiyya ba.

Wata tsohuwa ce mai sayar da yaji ta rasu, ta bar 'ya'ya maza biyu. Aka jera kujeru a ƙofar gida bayan magariba, yadda ake yi a nan. Babban ɗan yana so a haɗu a yi mata addu'a a shafa, kamar a gida. Ƙaramin, wanda aka haifa a nan, ya ce bidi'a ce. Kafin ka ce me, kujeru sun rabu biyu, murya ta fara tashi. Ni ina ɓangaren ƙaramin, kuma bakina ya fi na kowa zafi, alhali karatuna bai kai ko'ina ba. Abin da muka manta shi ne, yawancinmu ba mu da igama, takardar izinin zama. In maƙwabci ɗaya ya kira shurɗa, wato 'yan sanda, sai tarhil, a kwashe mu a mayar gida.

Sai ga wani dattijo da ya taɓa yin kantoma a Najeriya, ya zo ƙarasa rayuwarsa kusa da Harami. Ya zauna a tsakiya, ya ce a garin da ya yi mulki, 'yan Katolika da 'yan Furotesta sun taɓa zubar da jini a kan maƙabarta.

"Ni Musulmi, ina ni ina raba musu gardamar aƙida? Cewa na yi duk wanda ya mutu, ɗaya ɓangaren ne zai haƙa masa kabari. Wanda ya haƙa wa ubanka kabari, da wuya ka ƙona masa coci."

Ya ɗauki butar gahawa ya miƙa wa ƙaramin. "Ɗana, zuba wa mutanen yayanka."

"Ya ammi," in ji ƙaramin, yadda ake kiran baffa a Larabcin nan, "wallahi ba zan ce amin ba."

"Wa ya roƙe ka amin? Gahawa na ce. Ko ita ma bidi'a ce?"

Wasu suka ƙunshe dariya. Ni kuma ya ɗora mini farantin dabino. "Malam mai fatawa, bi shi a baya."

Al'adar nan, mai zuba gahawa ba ya wucewa sai mai sha ya girgiza finjalinsa. Da muka iso gaban babban, ya shanye ya miƙo, bai girgiza ba. Aka ƙara masa, ya sake miƙowa. Ƙaramin ya tsaya cak da buta a hannu.

"Yaya, khalas, ya isa mana, girgiza."

"In na girgiza tafiya za ka yi. Inna ta tafi, kai ma ka tafi?"

Ƙaramin ya ajiye butar, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar yayansa. Mutanen babban suka yi addu'arsu a hankali. Ƙaramin bai shafa ba, bai kuma tashi ba. Can motar shurɗa ta shigo layin, domin ashe an riga an kira su. Suka ga mutane zaune ana shan gahawa, ɗaya ya leƙo ya yi mana ta'aziyya, suka wuce.

Har yau ba na shafa addu'ar taro, shi ma babban bai daina ba. Amma ranar na koyi cewa ba sai na yarda da mutum ba kafin in tsaya a gabansa in zuba masa, har sai shi ya girgiza.