Ranar Da Sai-a-Hankali Ya Hau Dutse Da Baya

A tasha ba mai kiransa da sunan yanka. Sai-a-Hankali suke ce masa tun yana yaron mota har ya yi furfura, don ko fasinja zai yi kuka ba ya ƙara wuta. Ya tuƙa babbar mota, ya tuƙa bas, da ƙarfinsa ya ragu ya sayi wata 'yar tsohuwar mota ruwan toka yana kai matan unguwa asibiti da kasuwa. Ko kaza bai taɓa bugewa ba. In ya faɗi haka kuma sai ya yi maza ya ƙara da cewa, "Ba iyawata ba ce, tsarewar Allah ce."

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Babbar 'yarsa ta kai shi wurin likita, likita ya ce tuƙi kam ya ƙare. Da yamma ta zo ta durƙusa gabansa ta buɗe tafin hannu.

"Baba, makullin."

"Bar mini shi zuwa jibi. Akwai alkawarin da na yi wa uwarki."

Kowa a gidan ya san alkawarin. An haifi matarsa a wani tsohon gari da ke kan dutse, irin waɗanda mutanen dā suka gina can sama suka kewaye da ganuwa. Tana 'yar ƙarama mahaifiyarta ta rasu, aka sauko da ita, ba ta sake komawa ba. Tun suna ango da amarya ya ce zai kai ta. Bana haihuwa, baɗi gyaran mota, har gwiwoyinta suka kai ko dokin ƙofa sai ta dafa bango take tsallakewa. Da ƙafa dai ba za ta hau dutse ba har abada. In ba mota ba, shi ke nan.

'Yar ta ce, "To mu samo direba ya kai ku."

"Direba? Ni kuma mene ne, tela?"

Suka fita da hantsi, shi da uwar 'ya'yansa, da fulas ɗin shayi da buta da darduma. Ita dai tun tana yarinya dama da hagu kan rikice mata in an matsa mata, don haka a mota "wajena" da "wajenka" take cewa. Suna barin gari ta fara, kamar mai hira.

"Kai, ga wata akuya wajenka, Malam, ta sha kiwo."

"Na gan ta."

"Wannan rami na wajena kuwa har yau ba su cike shi ba."

"Na gan shi mana."

Bai gan su ba. Amma yana kaucewa.

Garuruwa uku ne a jere kan tuddan, nata ne na ƙarshe. Na farko an yi masa kwalta har ƙofar ganuwa, baƙi sun cika wurin suna ɗaukar hoto, wani mai hula yana nuna musu inda masu gadi ke tsayawa a dā. Lungunan sun yi wa mota ƙunci, sai matar ta zauna a ciki ta sauke gilashi. Shi ya shiga ya shafa bangon dutsen da hannu, ya dawo ya ce mata sanyi gare shi kamar randa. Na biyu ƙauye ne da rabinsa ya watse, tattabaru sun gaje ɗakunan. A nan suka yi azahar ƙarƙashin wata bishiya, ita a zaune, suka sha shayi da burodi. Ta zuba wa dutse na uku ido, ta kasa ƙarasa kofinta.

Hanyar garinsu ba kwalta. Tsakuwa ce zalla, ta miƙe tsaye kamar tsani, gefe guda bango, gefe guda kwazazzabo. Ya yi bismilla ya sa giya lamba ɗaya. Motar ta yi gurnani, ta hau, ta hau, sai tayoyin gaba suka fara juyawa a banza suna watsa tsakuwa. Ta tsaya. Ya sulalo da ita a hankali ya sake gwadawa. Nan dai ta sake tsayawa, har da warin ƙauri.

Matar ta ce, "Malam, mu koma. Ga ganuwar can ina hangowa. Wallahi ya ishe ni."

Ya san muryar. Da ita takan ce ta ƙoshi a ranakun da abinci bai kai kowa ba.

Ya gangaro zuwa wani ɗan fili, ya juya kan motar ya fuskanci gida. Ta ja gefen mayafi ta goge ido, tana yi kamar ƙura ce ta shiga. Sai ta ji ya sa ribas.

"Me kake yi?"

"Abin da maigidana ya koya mini ina yaron mota. Ribas ya fi lamba ɗaya ƙarfi. Kuma in ta hau da baya, nauyin inji kan tayoyin da ke ja zai zauna, sai su kama ƙasa." Ya ɗaga kai ya dubi madubi, ya daɗe yana dubawa. Ya sauke murya. "Sai dai, uwar yara, ba na ganin komai cikin madubin nan. Fari kawai."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka yi wa buhun gawayi sallama a ƙofar gida."

Ya yi dariya har da tari. Ya fito ya kama ta, ta lallaɓa ta koma kujerar baya, ta zauna a karkace tana kallon gilashin baya. Ya saki birki, motar ta fara ja.

"Wajena! Wajena, Malam!"

Ya taka birki. "Wajenki ina? Kin koma baya kin juya, yanzu ina ne wajenki?"

"Oho! Nan dai, nan!"

"Nan ɗin kwazazzabo ne ko bango?"

Ta yi tsaki, ta miƙo hannu ta ɗora kan kafaɗarsa. "Bar surutu. Kafaɗar da na taɓa, can za ka kai gindin motar. In na matse wuyanka, ka tsaya."

Haka suka hau. Ta taɓa wannan kafaɗa, ya murza sitiyari. Ta taɓa waccan, ya mayar. Bakinta bai daina salati ba, shi kuwa gumi har cikin gemu. Sau ɗaya ta matse masa wuya da ƙarfin da bai san tana da shi ba, ya tsaya cak, ta ce wani dutse ne ya fito kamar haƙori, suka kewaye shi. Tayoyin ba su sake zamewa ba. Can sai ya ji ƙasa ta kwanta, inuwar ƙofar ganuwa ta rufe su.

Wasu mata da ke shanya a bakin ƙofar suka saki baki. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga.

"Bayin Allah, zuwa kuke yi ko tafiya?"

"Zuwa, Inna," in ji shi. "Na kawo muku 'yarku."

Tsohuwar ba ta tuna mahaifiyar baƙuwar ba, amma ta san gidan da aka kwatanta mata, na kusa da rijiya. Matan suka rirriƙe baƙuwar har can. Rufin ya faɗi, ɓaure ya tsiro a tsakiyar ɗakin, sai dutsen bakin ƙofa da ƙafafu suka cinye tsakiyarsa. Ta zauna a kai. Ta shafa shi, ta ce, "Ashe ɗan ƙarami ne." Sannan ta ɗaga hannu ta yi wa mahaifiyarta addu'a mai tsawo, matan da ba su san ta ba suna amsawa da amin.

Shi yana tsaye gefe da hula a hannu. Da ta shafa addu'ar, ya matso.

"Na cika?"

"Ka cika, Malam. Allah Ya saka."

Bayan la'asar ya je ya tsaya bakin gangaren. Hanyar da ya hau ta zame masa farin hayaƙi, ba farko ba ƙarshe. Ya juyo ya tambayi tsohuwar ko akwai direba a garin. Ta ce ƙaninta na nan, shi ke saukar da kayan gona duk mako. Da mutumin ya zo, Sai-a-Hankali ya miƙa masa makullin da hannu biyu.

"Lamba ɗaya za ka bar ta har ƙasa. Kada ka zauna kan birki. Ba ta son tsawa."

"To, Baba."

Ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya jim, don bai taɓa shiga motarsa ta nan ba. Matar ta matsa ta ba shi wuri. Motar ta kama gangara, shi kuwa ƙafarsa ta dama sai danna ƙasa take yi.

Ta dafa gwiwarsa. "Sauke ƙafar nan, Malam. Ba birki a nan."

Ya sauke. Can ƙasa kaɗan ya sake dannawa, ta ƙyale shi.