Ranar da Rediyo Ya Yi Shiru

Kawuna direba ne, amma in ka zo shagon kafintocin da muke aiki ka ce kana neman direba, kallonka kawai za a yi. Ka ce Rediyo, yanzu a nuna maka shi, in ma ba ka riga ka jiyo muryarsa tun daga bakin titi ba. Ƙanin mahaifiyata ne. Ita ta ce tun yana goye yake surutu, matarsa kuma ta rantse ko barci yake yi bakinsa na motsi. Shi ya kawo ni shagon ina ɗinkin kushin, shi kuma yana kai wa masu saye kayansu a wata tsohuwar a-kori-kura da sai an tura take tashi.

Da mun ji tarin motar nan ta dawo, kowa sai ya sassauta hannu. Zai shigo yana kaɗa makulli: "Baba Zarto, kai ka yi teburin nan? To wallahi matar gidan zagaya shi take tana shafawa, ta hana kowa ɗora kofi!" Baba Zarto dattijon kafintanmu ne, ba ya dariya, amma sai ka ga gemu na rawa. In kuma an yi ha'inci, Kawu ba ya rufa asiri. Ya taɓa kwaikwayon wani mutum da ya zauna a kujerar da aka rage wa soso, ya nutse har gwiwa ta taɓa haɓa. Mun sha dariya, amma daga ranar ba wanda ya sake rage soso.

Maigida, mai shagon, ya yarda ma'aikaci ba ya motsi sai da tsawa. Ɗansa, Ƙaramin Oga, ya dawo daga karatu ya ce a'a, sai da yabo da tukwici. Kullum suna musu, amma abu ɗaya ya haɗa bakinsu: wai Rediyo na ɓata mana lokaci. Aka yanke a sayar da motar, a ɗauko kamfanin jigila, Kawu ya ajiye makulli ƙarshen wata. Mutumin da 'ya'yansa mata ke makaranta, ga gidan haya! Ranar raina ya ɓaci, ko abinci ban iya ci ba.

Kamfanin ya fara zuwa. Mota fes, ma'aikata fes, su ɗauka su tafi, shi ke nan. Kawu aka ce ya zauna bakin ƙofa ya kama bakinsa kafin wata ya ƙare. Mu kuwa aiki ya koma kamar ka jefa dutse a rijiya ba ka ji faɗuwarsa ba. Maigida ya yi ta tsawa har murya ta dushe. Ƙaramin Oga ya liƙa hoton mai fentin shagonmu a bango wai gwarzon wata, aka yi ta tsokanarsa da "ranka ya daɗe" har ya cire hoton da hannunsa. Baba Zarto da kansa ya fara duba agogo.

A ranar Kawu ta ƙarshe aka gama wata kujera. Wani ne ya sa a yi wa tsohuwarsa mai ciwon baya, wadda ta daɗe ko abinci a kwance take ci. Baba Zarto ya lanƙwasa bayan kujerar, ni na yi kushin, Maigida da kansa ya zaɓi katakon. Sai kamfani ya ce ruwa ya ɓata hanyar unguwar, ba zai shiga ba. Dole aka kira Rediyo, muka tura shi ya tafi.

Da ya dawo, sai ya rataye makulli a ƙusa, ya zauna, ya sha ruwa.

Na ce, "Kawu, yaya?"

Ya ce, "An kai."

"Ta zauna?"

"'Yata, an ce in kama bakina."

Kai! Shago ya hargitse. Mai fenti na roƙo, Baba Zarto ya ajiye guduma ya tsaya masa a kai, ni har ƙafarsa na riƙe. Kawu sai kallon rufi yake. Kwatsam ƙofar ofis ta bugu, ga Maigida da dusasshiyar murya: "Kai Rediyo, ta zauna ko ba ta zauna ba?"

"Ranka ya daɗe, ai kamfani ba ya ba da labari."

"Don Allah ka bar wasa! Shekara da shekaru ina barin ƙofar nan a buɗe in ka dawo, kana tsammanin iska nake sha?"

Ashe! Kawu ya miƙe, ya gyara hula, ya buɗe murya. Ya ce an ɗago tsohuwa a hankali, an jingina ta a kujerar. Ta gyara zama, kowa na kallonta. Sai ta ce, "Ku kawo mini abincina, yau a zaune zan ci." Jikoki suka ɗauki ihu, ɗanta ya juya baya yana share ido, ita kuma ta ce Allah ya yi wa hannun da ya yi kujerar nan albarka.

Muka kwashe da shewa. Baba Zarto ya goge fuska da hula, ya koma kan katakonsa ba tare da ya kalli agogo ba. Ƙaramin Oga, da bai taɓa tsayawa ya ji Kawu ba, yana ta tambayar me tsohuwar ta ƙara cewa.

Maigida ya zare makullin daga ƙusa ya cilla masa. "Akwai gado da za a kai yanzu. Ka dawo mini da labari."

Kawu ya cafe. Ya ce, "To, ranka ya daɗe, sai dai fa motar ba ta tashi sai an tura."

Maigida ya naɗe hannun riga, ya riga kowa fita.