Ƙarfen da Bai Gaji Ba

Duk wanda ya daɗe yana sayen nama a kasuwar Treichville, cikin babban birnin nan na bakin teku, ya san Ɗan'azumi mahauci. Mutum ne mai faɗa da baki, mai sanyin zuciya, kuma wuƙa ba ta taɓa dakushewa a hannunsa ba. Da furfura ta gama cin kansa sai ya damƙa wa ɗansa Salman teburin fawa, ya koma gida a unguwar da ake kira Biafra, nan kusa da kasuwar, wai zai huta. Ina hutu! Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Ba a jima ba ya kafa zugazugi a lungun tsakar gida, ya ce shi zai riƙa ƙera wa Salman wuƙaƙe, don ya gaji da ganin yaron yana fama da na kanti masu laushi.

Matarsa Salamatu ta dube shi ta ce, "Malam, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ya ce ai ƙarfe zai tanƙwara, ba icce ba.

Wuƙar farko da rodin gini ya yi ta. Ta yi kyau a ido, amma tana haɗuwa da ƙashi bakinta ya lanƙwashe. Aka yi masa dariya, ya shanye. Sai wani makaniki ya ce ya nemi sifirin mota, wannan faffaɗan ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta. Ya hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa unguwar Adjamé wajen 'yan feraye masu sayar da tsofaffin ƙarafan mota, ya sayo guntu, ya buga, ya tsoma a baƙin mai, ya wasa. Kaifi kamar aska. Salman ya karɓa da murna.

A cikin makon wuƙar ta karye yana tsaka da raba haƙarƙari, ta tsarge masa tafin hannu har sai da aka ɗinke. Ashe ƙarfen da tsaga a cikinsa, siririya wadda ido ba ya gani, ta shekarun da gbaka ta yi tana jidar lodi fiye da ƙima. Salman bai ce uffan ba, ya koma wa wuƙar kanti. Wannan shirun ya fi zagi yi wa tsohon ciwo, domin ya gane ɗansa yanzu tsoron aikin hannunsa yake ji.

Da wani ne, da ya rushe maƙerar. Ɗan'azumi kuwa Adjamé ya koma, da igiya a aljihu. Sai ya rataye sifiri, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya kasa kunne. In amon ya ja dogo, ya ware shi gefe. In ya mutu nan take, ya jefar. Yana tambayar daga wace mota aka ciro, in aka ce gbaka ya girgiza kai. "Wannan ya gaji," zai ce. Samarin wurin suka riƙa tsokanarsa. "Vieux père, dattijo, ƙarfe za ka saya ko aurensa za ka yi?" Ya ce wanda bai binciki asali ba ai shi ke kuka daga baya. Ni dai wannan taurin kai nasa yana burge ni ƙwarai.

Ya samu na wata ƙaramar mota da ba ta sha wahala ba. Da ya ƙera, bai kai wa kowa ba. Ya riƙa tara ƙasusuwan shanu yana sara da hannunsa, kullum, har maƙwabta suka fara ƙorafi. Wuƙar ba ta ko girgiza ba. Duk da haka ya kasa buɗe baki ya yi wa ɗan nasa tayi, sai ya naɗe ta a tsumma ya ajiye.

Wata Juma'a Salman ya biyo gaisuwa, ya tarar da tulin ƙasusuwan a lungu. Ya tambayi uwarsa da Faransanci, ta ce ubansa ne ke gwada sabuwar wuƙa da hannunsa kafin ya ba wani. Ya tsaya yana kallon ƙasusuwan. Sannan ya je ya durƙusa gaban tsohon, ya miƙa hannun nan mai tabo, ya lalubo Hausarsa da ba ta cika zama a bakinsa ba.

"Baba, ba ni. Gobe akwai aiki."