Gwiwoyin Mahaifiyata da Ruwan Zafi

Shekarun baya, lokacin ina zaune a unguwar Karama ta Dubai, na kawo mahaifiyata can neman maganin ciwon gwiwa. In taso daga aiki in ɗauke ta, wannan likita ya tura mu wurin wancan. Ƙarshe duk bakinsu ɗaya: sai an yi aiki. Ita kuwa da ta ji zancen wuƙa sai ta kawar da kai.

Wani abokin aikina ya ba ni labarin wani ƙaramin gari a gindin duwatsu, can wajen Ras al Khaimah, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, wai yana sassauta ciwon gaɓoɓi. Ni da a lokacin ko me aka ce magani ne sai na gwada, nan take na kama mana ɗaki.

Otal ɗin a kan tudu yake, ruwan kuma a ƙasa. A hoto gwanin sha'awa. Amma kowace fita sai na tallafe ta zuwa mota, in sauke ta a ƙofar ɓangaren mata, in zauna a benci ina gumi ina gyangyaɗi.

Washegari ta fito tana ɗingishi kamar yadda ta shiga. Na ce, "Hajiya, an ji sauƙi kuwa?"

Ta ce, "Ɗan nan, ruwan zafi ne fa. Ko a Kano muna da tukunya."

Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Da la'asar muna zaune a baranda, gonakin dabino shimfiɗe a ƙasanmu, na ɗauko zancen wani likita a Sharjah. Ta ɗaga mini hannu.

"Ka dubi idonka kuwa? Ka gaji, ni ma na gaji. Tun da na zo ba mu zauna haka ba sai yau. Ka mayar da ni gida, ɗakina."

Na bar zancen likitan. Muka ci gaba da zama a nan har aka kira magariba.

Bayan 'yan kwanaki na raka ta Kano. Ba a yi aikin ba. Ta ci gaba da dogara sanda, tana salla a kujera, har Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ban san ko daidai na yi ba, wani lokacin in ce da na matsa mata. Amma in na tuna zuwanta Dubai, ba na ganin asibiti ko ɗaya. Barandar nan nake gani, ta miƙe ƙafafu tana ɓare mini lemo kamar ban girma ba.