Yadda na danna maɓallin likita

Shekarar da aka zuba wa layinmu kwalta ne, watanni kaɗan bayan rasuwar tsohon limaminmu, masu duba ido suka sauka Zongo. Ciwon da suke nema shi ne mai cin gani daga gefe, mutum bai sani ba.

Muka tafi da maƙwabciyata, mai sayar da koko. Tun muna 'yan mata take riga ni komai. Ta riga ni aure, ta riga ni Makka, ranar ma ta riga ni shiga. Ina daga benci na ji likitar, wata 'yar Zongo da ta yi boko, tana ce mata, "Hajiya, idonki kamar na yarinya."

Da ta fito na ce, "Me kika yi musu?"

Ta ce, "Haɓa za ki ɗora a kan injin, ki kalli tsakiya. Duk ɗigon hasken da ya gifta, ki danna maɓalli. Ni kam na danna da yawa."

Da layi ya zo kaina na ce a raina, to, da yawa. Aka rufe mini ido ɗaya, aka ba ni maɓalli. Na riƙe shi riƙon carbi, ina ja ba tsayawa, na ga haske ko ban gani ba.

Likita ta duba takardar da injin ya fitar ta yi dariya. "Mama, injin nan yakan yi shiru da gangan, ke kuwa har shirun kin amsa. Ki dawo a sake."

Maƙwabciyata na bakin ƙofa, ta ji. Ta ce, "Ƙawata, tasbihi kika je yi?"

Saboda wannan maganar na yi shekara biyu ban koma ba. Sai da mai babur ya goge ni ta hagu a hanyar Agoè, na ji shi ban gan shi ba, sannan na koma wurin likitar. Wannan karon abin da na gani kaɗai na danna. Rabin takardar ya fito baƙi. Likita ta ce ganin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa zai tsare saura.

Matan da muka zauna a bencin nan duk sun rasu, sai ni da ita. Har yau ita ke sa wa allurarta zare, kuma sai ta zo gabana take sawa. In za mu kasuwa, ta hagu take bi, ta kama mini hannu. Ina barinta, amma ban taɓa ce mata sannu ba.